Tukunyar da Ba a Toshe wa Baki

Madawa, ranar Litinin

Zuwa ga Inna Kande, a Allakaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin dawo daga Keita lafiya. Ya gajiyar hanya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Kawu Ɗayyabu, ya kyautata namu ƙarshen. Ya gwiwar taki, tana barinki barci? Mu nan lafiya lau, sai bazara da ta shigo da ƙarfinta. Mahmud yana gaishe ki, surukina Malam Abdulrazak ma ya ce a miƙa miki ta'aziyyarsa.

Inna, na san yanzu kin leƙa ɗakin girki kin tarar da gurbin Baƙa wayam. Kada ki kama yaran gida da faɗa, ni ce na ɗauke ta. Na zo ban same ki ba, na jira har na gaji, sai na naɗe ta a tsohon bargo na rungume ta a cinya tun daga Allakaye har Madawa. Bubakar direba ya yi ta dariya, wai tunda yake tuƙi bai taɓa ba tukunya gidan gaba ba. Shi zai kawo miki wannan takarda. Ban kira a waya ba, don wayar gidanku a hannun kowa take, kuma na fi so ki yi faɗanki a rubuce, kafin ya iso ya huce. Ai ba a banza kika yi karatun manya ba.

Ga dalilina. Ɗinkin Mahmud ya yi sanyi tun bayan Sallah, ni kuma zaman banza ya ishe ni, sai na fara dama kunu ina kaiwa tasha. Na sayi sabuwar tukunya, na bi duk yadda kika koya mini, amma kunun ya fito salam kamar ruwan wankin gero. Nan na gane ba hannunki kaɗai ke yin kunun gidanmu ba, da Baƙa a ciki. Tukunyar da ba ta taɓa ganin sabulu ba tun zamanin kakarku Mariyatu, duk abin da aka zuba mata da yamma sai ya wayi gari da ɗan tsamin nan mai cizon harshe, da ƙamshin kanumfari alhali ba a sa ba. Ranar farko da na kwantar da kunu a cikinta, kafin azahar bokitina ya ƙare. Wani ɗan kamasho ya sha ya lashe baki ya ce, "Ke baiwar Allah, wanga kunu daga wane gari ya hito?"

Tun ranar da kika ɗauke ni bayan rasuwar mahaifiyata kike cewa Baƙa tawa ce wata rana. To Inna, na ɗan matso da ranar ne kawai. Ki yafe mini, ki sa mini albarka.

Ɗiyarki,
Munira


Allakaye, ranar Alhamis

Munira,

Wa'alaikumus salam. Na dawo lafiya, gwiwa tana nan yadda kika san ta. Ki gaida mijinki, ki ce wa Malam na gode, Allah ya ba da lada.

Takardarki ta iso, faɗan kuwa bai huce ba. Na ce taki ce wata rana, ban ce ki ɗauke ta ina gidan makoki ba. Ba rowar tukunya nake yi miki ba, ko da yake na san haka za ki ce, don tun kina yarinya in an hana ki abu sai ki ce ba a son ki. Baƙa ba a ɗaukarta haka nan kamar kwanon sha. Akwai maganar da ake haɗa ta da ita, babba ta gaya wa ƙarama, su biyu, daga baki sai kunne. Kakarmu Mariyatu ta gaya wa mahaifiyarmu, mahaifiyarmu ta gaya mini. Ba a rubuta ta, ba a ba wani saƙonta, ni kuma ba a kaina za a fara ba.

Don haka ko dai ki ba Bubakar ita ya dawo mini da ita, ko ki shigo mota ki zo ki ji abin da ya kamata ki ji, sannan ki koma da abarki da albarkata. Kafin nan, abin da kika ga ina ba ta shi za ki ba ta, kada ki ƙara, kada ki rage. Na san karambaninki. Ke ce kika taɓa zuba wa miyar kuka sukari don ki ga abin da zai faru, muka kwana da yunwa.

Nan ana ta sharar gona, kowa ido na sama. Hannuna ya gaji da riƙon bik ɗin rubutu.

Innarki,
Kande


Madawa, ranar Asabar

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da duk mutanen gida. Na ba Bubakar man zafi ya kawo miki, ki riƙa shafawa da safe da yamma, kada ki ajiye shi a kan randa ki ce tsada gare shi.

Inna, takardarki ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na karanta ta na sake karantawa ina neman inda kika ce Allah ya sa wa sana'ata albarka, ban gani ba. Tukunya kawai, tukunya kawai. In maganar da ake haɗawa da ita addu'a ce, ai kina iya yi mini daga nan. Ba zan iya barin tasha yanzu ba. In na yi kwana biyu ban fito ba, akwai mata uku da ke jiran wurina a gindin bishiyar bedi, kuma direbobi ba su da alkawari sai na cikinsu. Ki bari damina ta kama, mutane su koma gona, kasuwa ta yi sanyi, sai in zo ki gaya mini duk abin da kike so.

Kuma ki kwantar da hankalinki, Baƙa ta fi jin daɗin birni. Gero ya yi tsada, sai na koma jar dawa, launinta ma ya fi ɗaukar ido. Akwai wata tsohuwa a kasuwa, Iya Jika, tana sayar da tsiron dawa, wato wadda aka jiƙa ta fitar da hanci aka shanya. Maƙwabciyata ta ce in aka niƙa shi aka zuba a kunu mai ɗumi sai ya tsinka shi ya ba shi zaƙi, na gwada, haka ne kuwa. Sukarin ma tun a tukunya nake zubawa, in huta da motsa wa kowa a kofi. Ki zo ki ga yadda Baƙa take karɓar abin! Da zafin nan da ake yi, kafin in gama wanke-wanke ta fara kumfa tana ɗan ƙara, faifan da na rufe ta da shi har ɗagawa yake yi.

Direbobi sun ce bokiti da kofi ɓata musu lokaci yake yi, sai na sayi gorunan roba masu murfi, in ɗura in ɗaure tam, su jefa a mota su wuce. Ina kaiwa firigon maƙwabta su yi sanyi, sai dai kuran ɗin nan, wato wutar lantarki, ba ya zama, rabin yini a ɗauke yake. Abin mamaki, wanda ya kwana biyu a gora shi aka fi so. In an buɗe sai ya ce tsss, ya hau hanci, zaƙin ya ragu. Samarin kabu-kabu har ajiye musu shi suke sa ni yi.

Ga shi kin ce kada in ƙara, kada in rage, amma da na bi taki da yanzu ina nan da bokiti ɗaya. Zamani ya canza, Inna. Ki yi murna da ni ko kaɗan ne.

Ɗiyarki,
Munira


Allakaye, ranar Talata

Munira,

Lafiya muke. Man ya iso, na gode. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, Bubakar yana ƙofa yana danna mini oda.

Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi turmi na zauna. Ki saurare ni da kunnen hankali, ba faɗa nake yi ba, tsoro nake ji. Ranar da wannan ta same ki, ki zubar da duk abin da ke cikin gorunan nan, ko digo kada ki sayar, ko kyauta kada ki bayar. Ba a ba Baƙa tsiro. Ba a zuba mata sukari, a kofin mai sha ake sawa. Ba a toshe bakin abin da ya fito daga cikinta. Ba a barin kununta ya ga rana ta biyu, balle a bazara. Gero zalla, shi kenan abincinta.

Dalili yana bakina, ba zai shiga takarda ba. Da gwiwata za ta ɗauke ni da yau a gidanki zan kwana. Ki zo, Munira. In wurinki a tasha kike tsoro, akwai abin da ya fi shi saurin ɓata.

Kuma Allah ya sa wa sana'arki albarka. Ga shi na rubuta, tunda sai kin gani da ido.

Innarki,
Kande


Madawa, ranar Lahadi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni jikina lafiya, ban da shi babu abin da ke lafiya.

Takardarki ta Talata sai jiya ta shigo hannuna. Motar Bubakar ta mutu kusa da Deule, ta kwana da kwanaki wurin mai gyara, takardar tana cikin aljihun motar. Ni kuwa duk kwanakin nan na ɗauka fushi kika yi kika share ni, har na ce wa Mahmud in ba ki rubuto ba ni ma ba zan sake ba. Da ta zo a kan lokaci, Inna, da ba wannan nake rubuta miki ba.

An ɗauke kuran kwana da kwanaki, goruna suka zauna cikin zafi suka kumbura, wasu suka fashe a firigon mutane. Waɗanda suka rage na kai tasha. Akwai wani Auwalu, ɗan kabu-kabu, mutumin kirki, ba ya ko shan taba. Ya zo da ƙishirwa bai karya ba, ya shanye gora biyu a tsaye. Ya ɗauki wata mata da kayanta, bai yi nisa ba ya shiga kwata da ita. Allah ya tsare, ita ƙujewa ta yi, shi kuma hannu ya goce. Amma da aka ɗago shi yana dariya yana surutai, wani ya sunsuna bakinsa. Kafin la'asar duk tasha ta ɗauka: surukar liman tana sayar da giya a gorar kunu.

Kin san Malam shi ke jan sallah a masallacin unguwa. Washegari da asuba sahu bai cika ba, waɗansu suka wuce wani masallacin ta gabansa. Mutumin da ko kallon banza bai taɓa yi mini ba, tun da na zo gidansa ɗiyata yake ce mini. Ya kira ni zaure, Mahmud yana gefe kansa a ƙasa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ban ce kin yi da gangan ba, ɗiyata. Amma mutane sun ga abin da sunka gani. Ran Juma'a in an sauko, dattawan unguwa za su zamna nan. Ki hiddo tukunyar ki hwasa ta gabansu, magana ta mutu. In ko kin zaɓi tukunya, to gidan ga ba shi ɗaukar ku biyu."

Ban yarda cewa daga tukunyar ne ba, Inna. Na ce a raina zafi ne da sukari, kowace tukunya haka za ta yi. Sai na yi haɗi ɗaya na raba biyu, rabi a Baƙa, rabi a sabuwar tukunyata. Da safe na sabuwar ya yi tsami kawai, zaƙinsa yana nan. Na Baƙa kuwa yana tafasa ba wuta, zaƙi ya tafi, sai ɗaci da wani wari mai hawa kai.

Na ruga kasuwa wurin Iya Jika in ce mata tsironta ne ya cuce ni. Ta biyo ni har gida, ta ce in nuna mata tukunyar. Ta sa hannu ta shafa cikinta, ta sunsuna, sai ta yi wata dariya da ban so ba. Ta ce, "Ɗiyan zamani! Wa ya ba ki wagga? Ni na girma inda aka dahwa abin nan, hancina bai mance ba. Wagga tukunyar giya ta, tun ba a haihi uwarki ba. Kin ba ta tsiro, mi kike so ta yi miki?" Na roƙe ta ta rufa mini asiri, ta ce ita ba ta ga komai ba.

Inna, ki dubi Allah ki gaya mini. Gaskiya ta faɗa? Abin da muka sha tun muna yara, abin da kike aika wa masu buɗa-baki da azumi, daga ina ya fito? Kada ki ce in zo. Mahmud ya ce in na bar gari kafin Juma'a za a ce gudu na yi. Wannan karon ki rubuta.

Ɗiyarki,
Munira


Allakaye, ranar Talata

Munira, ɗiyata,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Allah ya ba yaron nan Auwalu lafiya, da matar da ya ɗauko. Ki je ki gaishe su in an bar ki, ki nemi gafararsu.

Zan rubuta abin da ba a taɓa rubutawa ba, Allah ya yafe mini wurin magabata. In kin karanta ki sa a murhu.

Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. Mahaifiyar kakarmu Mariyatu ta zo duniya lokacin da gidansu ba su kama sallah ba, ita ke dafa wa mazansu abin sha in an gama girbi, kuma a Baƙa take yi. Da Mariyatu ta auri mai sallah, aka ce ta fasa duk tukwanen uwarta. Ta fasa, ban da wannan, don ita kaɗai ta rage mata da ke da hannun uwar a jiki. Ta wanke, ta shanya, ta ƙona kara a ciki, amma abin da ke zaune cikin jikin yumɓun bai mutu ba. Sai ta zauna ta karanci halinsa, har ta gane me zai ci ya tsaya a kunu, me zai ci ya zarce.

Ga abin da ake gaya wa wadda za ta karɓe ta. Kowace tsohuwar tukunya da halinta, wata tsami kawai ta iya, ko me ka ba ta. Baƙa ba haka take ba. Ita zaƙi take ci, kuma ba ta ƙoshi, duk wanda ta samu sai ta cinye ta mai da shi abin nan. Zafi kuwa ƙarfi yake ƙara mata. Shi ya sa ake ba ta gero zalla wanda bai tsira ba, don ba shi da zaƙin da za ta kama, sai ta ba shi ƙamshi da ɗan tsami ta tsaya. Da sanyi ana iya barinta har hantsi. Da bazara ana zubawa da magariba, a juye kafin rana ta fito, a shanye a ranar. Ke kuma kika haɗa mata tsiro da sukari da zafi, kika toshe baki, kika ba ta kwanaki. Abin da uwar Mariyatu take yi da gangan shi kika yi da rashin sani, har kin fi ta.

Abin da kika sha kina yarinya kunu ne, halal, na rantse da wanda raina ke hannunsa. Mata uku muka riƙe ta a kan haka, ko kaza ba ta taɓa yin maye a gidanmu ba. Ana ɓoye asalinta ne don mutane ba sa tsayawa su ji ƙarshen magana.

Yanzu ki ji. Kada a fasa ta kafin in zo. Ko a amalanke ne zan fito bakin hanya, in shiga mota in zo in durƙusa gaban Malam da kaina, mutumin kirki ne, zai saurari tsohuwa. Zan ce masa in ɗauke ta in dawo da ita Allakaye, kada a sake ganinta a Madawa. Hannun kakata da na uwata duk suna jikinta, Munira. Ba ni da hotonsu, ba ni da zanensu, ita kaɗai ce. Ki riƙe mini ita.

Innarki,
Kande


Madawa, ranar Asabar

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ruwan bai yi muku ɓarna ba. Barka da shuka. Na ji ƙoramar da ke tsakaninmu ta kawo ta yanke hanya, na san shi ya tare ki. Jiya tun safe nake leƙen ƙofa, duk ƙarar mota sai in ce ke ce. Takardarki na sa ta a murhu yadda kika ce.

An yi zaman. Dattawa suka cika zaure, yara da mata suka cika ƙofar gida, har daga tasha an zo kallo. Aka fito da Baƙa aka ajiye a tsakiya, aka jingina taɓarya kusa da ita. Na faɗi abin da na zuba da yadda na ɗaure goruna, na ce ban sani ba, kuma na nemi gafara. Wani dattijo ya ce, "Ita tukunyar, ina asalinta?" Na ce ta gidanmu ce, kunu ake yi a ciki tun kafin a haife ni, ni ce na ba ta abin da ba a ba ta. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi sauran ba.

Sai Malam ya ce, "Mun ji, Allah shi yahe muna baki ɗai. Ɗauki taɓarya, ɗiyata."

Na ɗauka, Inna. Na ɗaga. Sai maganarki ta tsaya mini a ido, ba ni da hotonsu, ba ni da zanensu. Na ajiye taɓaryar na ce, "Malam, ba tawa ba ta. Uwata ta ce in riƙe mata." Nan take ƙofar gida ta ɗauki hayaniya. Na roƙa a bar ni in aika miki da ita. Malam ya ce in ta tafi lafiyarta ƙalau, mutane za su ce ɓoyewa aka yi, gobe a dawo da ita, kuma gaskiyarsu. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Na ba ki ƙohwa kin ƙi hita ta nan. To ki bi ta, sai ran da Allah ya yi." Bai ce Mahmud ya sake ni ba, amma kin san irin tafiyar nan, ba kowa ke dawowa ba.

Da muka shiga ɗaki Mahmud ya ce, "Kaskon ƙasa, Munira? Ni da kaskon ƙasa?" Tun jiya bai ci abinci ba, ni ma haka.

Bubakar ya ce zai zaga ta doguwar hanya, don haka ga Baƙa nan na ba shi, a bargon da na ɗauko ta. Ki duba, ko tsaga babu. Ni Malam ya ba ni zuwa ranar kasuwa in haɗa kayana. Ni na ɗauke ta ba da izininki ba, ga ta na maido miki yadda take. Ki share mini ɗakin kusa da rumbu.

Ina son mijina, Inna. Ban taɓa gaya miki ba don kunya, yau dai na faɗa.

Ɗiyarki,
Munira


Allakaye, ranar Lahadi

Munira, ɗiyata,

Wa'alaikumus salam. Lafiya muke, ruwa ya ci katangar bayan gida, ban da shi babu ɓarna. Na fito ranar Alhamis a amalanken maƙwabta, muka tarar da ƙorama ta cika ta batse, muka juyo.

Kada ki hau mota. Kwance kayanki.

Na ce kada a fasa ta kafin in zo, ban ce ki ba da aurenki ba. Amma ba ke ce kika karanta ba daidai ba, ni ce na rubuta ba daidai ba. Na cika takarda da kakata da uwata, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ke da kike raye kina cikin wuta ban ce miki ko ki ceci kanki ba. Wauta ba ta da shekaru.

Baƙa ta iso yadda kika ce, ko tsaga babu. Na kwance bargon na zauna da ita a tsakar gida, na daɗe. Sannan na aika aka kira mai unguwa da liman namu, na tsai da Bubakar na ce kada ya tafi, ina son ido daga Madawa. Na sa aka fito da ita ƙofar gida, rana tsaka, kowa yana gani. Bugun farko taɓarya ta zame. Na biyu ne ya shige. Na yi kuka, ba zan ce miki ban yi ba, har matan unguwa suka riƙe ni suna tambayar wa ya rasu.

Ga ta nan a buhu, na ba Bubakar. Ni na tsince gutsattsarin da hannuna, har ƙasar wurin na share na zuba. Ke kin san ko guntu ɗaya aka jefa a sabuwar tukunya zai tayar da ita, ni ma na sani, kuma na ɗauki gindin na juya shi a hannu kafin in sa. Ban rage komai ba. Ki ce wa Malam ya zazzage a gaban dattawan nan, in suna so su haɗa su gani. Bubakar zai faɗi abin da idonsa ya gani, a zaure da kuma a tasha, liman namu ma ya ba shi saƙo zuwa ga Malam. Ki gaishe shi, ki ce uwar yarinya ta ce ya yi haƙuri, bai yi zalunci ba.

Shi kuma mijinki ki dafa masa abin da yake so, ki zauna kusa da shi har ya ci. In bakinki ya iya faɗa mini abin da kika faɗa a ƙarshen takardarki, to shi ya fi ni bukatar ji.

Ɗakin kusa da rumbu na zuba irin wake a ciki, babu wurin kowa.

Innarki,
Kande